Minti Goma a New York da Akodiyon Malam Bashari

Litinin: Kano zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, Ɗanladi direba ya tsaya a ƙofar gidana a Fagge. Gari bai waye ba. Ya buɗe but zai jefa baƙin akwatina, na riƙe masa hannu.

"Malam Garba, kujerar mutum guda za ka ba shi?"

"Ya girme ka," na ce. "Sa shi a baya, ka ɗaura masa bel."

Abin da ke cikin akwatin akodiyon ne. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, a ƙirji ake rataya shi, hannun dama yana taɓa maɓallai, na hagu yana ja yana turawa, iska ta fito da kiɗa. 'Yan unguwarmu zugazugi suke ce masa, ni kuma Garba Zugazugi, har jikokina haka suke faɗa in na ba da baya. Asalinsa na Malam Bashari ne, wani tela da ya tafi Makka a ƙasa, ya yi shekaru a Sudan, ya dawo da keken ɗinki da wannan abu. Ina da shekara goma sha huɗu aka kai ni koyon ɗinki wurinsa. Har yau ban iya sa aljihu ba, a gidan waya na yi aiki har na yi ritaya. Amma tun ranar da na ji ya ja akodiyon bayan la'asar, ban sake zama lafiya ba.

Shekara arba'in da tara ke nan ina tallarsa. Na kai shi makarantu, na kai shi gidan rediyo, na yi wa mutane biki kyauta don kawai a ji shi. Samari bakwai suka fara koyo a hannuna, duk suka gudu wurin fiyano mai batir wanda ke yi wa mutum kiɗan da kansa.

Abin da ya tayar da ni da tsufana shi ne wani kiɗa da Malam ya haɗa a hanyarsa ta dawowa gida. Kiɗan hanya yake ce masa. Gaɓa uku ne, minti bakwai, ba a rubuce yake ba, kuma ni kaɗai na rage mai kaɗa shi. Yatsuna sun fara sandarewa, likita ya ce in na yi sa'a shekara biyu ko uku. An ɗauke shi a waya, na sani, amma ni hannun mutum nake nema masa. Sai 'yata Bilkisu, da ke aikin jinya a New York, ta tura hotona mai motsi ga wasu masu shirya taron akodiyon a wani lambu a can. Suka ce in zo, sun ba ni minti goma. Na ce a raina, a cikin taron masu akodiyon ba za a rasa mutum ɗaya da kiɗan zai kama ba.

Bayan Kwanar Ɗangora aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙa, ya ga akwati da bel.

"Baba, janareta ne?"

Na buɗe na ja masa sau biyu. Ya ja da baya, ya yi dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ikon Allah. Takwas saura muka sha shayi da burodi a Zariya, naira ɗari uku. Muka wuce Kaduna ba tsayawa, sha biyu da rabi muna Abuja, kilomita ɗari huɗu da ɗoriya. Jirginmu sai bayan isha ya tashi.

Talata: Jamus zuwa New York

Ban yarda akodiyon ya shiga cikin kaya ba. Na zare ƙusoshinsa na raba shi biyu, kowane ɓari na naɗe shi da zanen maiɗakina, na shiga da su a hannu. Awa shida muka sauka a Jamus da safe. Matar da ke duba kaya ta kwance zanen, ta tsaya tana kallo, ta ce kakanta yana da irinsa. Da hannunta ta mayar mini da ƙullin, ta ƙulla shi fiye da yadda na yi.

Awa takwas da rabi a kan teku. Ban runtsa ba, sai motsa yatsu nake a kan gwiwa. Ɗaya da rabi na rana agogonsu muka sauka. Jami'in shige da fice ya ce kwana nawa zan yi. Da Turancina na gidan waya na ce kwana takwas, amma aikin na minti goma ne. Ya dube ni, ya buga hatimi.

Bilkisu da mijinta Nura suna jira. Nura ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni, ya karɓi ƙunshin biyu kamar an ba shi jarirai. Awa ɗaya da kwata muka yi zuwa Tremont, a yankin Bronx, inda suke zaune a hawa na biyar.

Muna tsaye a danja na ji abin da ya sa na kusa buɗe ƙofar mota. Akodiyon! Daga tagar motar da ke gefenmu yake fitowa, da gudu kamar an biyo shi. Muka yi gaba, ga shi kuma daga shagon aski, ga shi daga kantin kayan miya.

"Bilkisu, kina ji?"

"Baba, 'yan Dominika ne. Kullum haka muke kwana muke tashi, har ciwon kai."

Ciwon kai! Ni da na yi shekara arba'in da tara ina roƙon mutane su saurara, ga garin da ake jin sa har a gaji. Ranar na ci tuwo miyar kuka malmala biyu, don murna.

Alhamis da Juma'a: Harlem da rabon goro

Laraba barci na yi. Alhamis da safe, kafin ta fita aiki, Bilkisu ta zaunar da ni.

"Baba, ten minutes ne fa. Ba biki ba ne. Akwai mai riƙe da agogo, in lokaci ya cika kashe makirfon za su yi."

"Shekara talatin da biyar ina rufe jakar wasiƙu kan lokaci," na ce. "Ni za ki koya wa agogo?"

Amma wani abu yana damuna. Ta yaya mutum zai zo garin da Hausawa suke, ya yi sha'ani, bai sanar da kowa ba? A gida ko kaza za ka yanka sai ka raba goro. Na sa Nura ya kai ni Harlem. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, dala biyu da 'yan canji, muka sauya sau ɗaya, minti talatin da biyar muna titi na 116. Ga shadda a rataye, ga kilishi, ga man shanu, ga Zabarmanci da Fulatanci da Hausa iri uku a bakin titi ɗaya.

A shagon wani dattijo, Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, muka sami goro fari da ja. Ya ji abin da za a yi da shi, ya dafe ƙirji.

"Mutumin Kano zai hau stage a Manhattan? Kai, wannan abin mu duka ne paa! Ni zan gaya ma jama'a. Matana ma zai zo, shi da ƙawayenshi duka."

Na sayi goro ɗari da alawa leda biyu. Muka bi shaguna da gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, kowa goro biyu da alawa, ina faɗin wuri da lokaci. Washegari bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallacin Tremont na raba sauran. Wani ɗan Maraɗi ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Malam, tunda goro ya hito, ai dole ne. Za mu taho, an gama."

Nura yana biye da ni da leda, sai ya buɗe baki ya rufe. Daga baya ya gaya wa Bilkisu tun a Harlem ya hango abin da zai faru. Amma wa zai gyara wa surukinsa zance a bainar jama'a? Ni kuwa ina ta jin daɗin kaina.

Asabar: lambun Manhattan

Ƙarfe biyu muka bar gida, rabin awa a jirgi, muka fito a tsakiyar dogayen benaye. Lambun yana nan a tsakaninsu, ciyawa shar, kujeru ko'ina. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Duk inda na juya mutum ne da akodiyon a ƙirji. Ga tsoho Bature da nasa mai kama da akwatin aure, ga 'yar China da ƙyar ake ganin fuskarta a bayan nata, ga 'yan Kolombiya da hulunan kaba suna kiɗa suna tsalle. Wani ya ga nawa ya sunkuya ya karanta sunan maƙerinsa, ya kira mutum uku su zo su gani. Na ji kamar na yi shekaru a baƙon gari sai yau na shigo unguwarmu. Ƙwalla ta cika mini ido, ban ɓoye ba.

Mai shirya taron, wata farar mace mai gajeren gashi, ta nuna mini kati biyu. In ta ɗaga ruwan ɗorawa saura minti biyu, in ta ɗaga ja an gama. Lokacina huɗu da minti ashirin. Na tsara abina: minti ɗaya gaisuwa, bakwai kiɗan hanya, biyu na numfashi.

Huɗu da 'yan mintoci sai na ga Bilkisu ta dafe kai. Na bi idonta. Daga matattakalar jirgi suke fitowa, manyan riguna, shadda tana ƙyalli, mata sun yi anko shuɗi, Alhaji Issaka a gaba da sanda. Goro ya yi aikinsa.

Aka kira sunana. Na hau, na yi bisimilla, na gai da jama'a, na fara ɗan taɓe-taɓen share fage don yatsu su saki. Ban kai ga rufe shi ba na ji takun mutum a kan dandamali. Alhaji Issaka ne, ya zaro dala ya manna mini a goshi.

To, ku da kuke gida kun san dokar. Wanda ya yi wa makaɗi liƙi, sai an ambace shi. In ka yi shiru ka tozarta shi a gaban iyalinsa, kuma ni na kai masa goro har shago. Na ja akodiyon na sa sunansa a waƙa, na haɗa da Kumasi. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta rangaɗa guɗa, tattabarun lambun suka tashi gaba ɗaya, ta hau ita ma. Kafin in ɗaga kai an yi layi. Kowa ya zo sai ya raɗa mini sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ni kuma ina jerawa: Damagaram, Tamale, Gusau, Agadas.

Turawa suka miƙe tsaye, wayoyi a sama, ana tafi. Wani dogon Bature ya shiga layi da dalarsa, ya manna, ta faɗi, ya sake mannawa. Na ce sunanka? Ya ce Kebin. Na ce ɗan wa? Ya ce ɗan Barbara. Haka na sa shi, Kebin ɗan Barbara, wuri ya kaure da ihu.

Na ga katin ruwan ɗorawa. Wallahi na gan shi. Saura mutum shida a layi, kuma ko na yanke a nan minti biyu ba za su ɗauki bakwai ba, amma da na kaɗa ko gaɓa ɗaya. Gaskiyar da zan faɗa muku ita ce daɗi nake ji. Tunda nake ba a taɓa yi wa akodiyon layi ba. Na ce bari in sallami mutum ɗaya, sai ɗaya. Jan kati ya tashi, makirfon ya mutu, aka yi ta tafi. Ko ɗigo na kiɗan hanya ban taɓa ba.

Mai shirya taron ta kama hannuna da nata biyu tana cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba. Na yi mata murmushin dole, na zagaya bayan dandamali na zauna a gindin bishiya. Na tsallake teku da amanar Malam, na sayar da ita a kan guɗa. Haushin kaina ya hana ni ko kwance igiyar kafaɗa.

Alhaji Issaka ya iso yana haki. "Malam, ka kashe su! Ka ga Obroni, Baturen nan, da kanshi ya yi layi?"

"Alhaji, abin da ya kawo ni ban kaɗa shi ba."

Na ba shi labari a gajarce. Ya cire hula ya mayar.

"Mu muka ci maka lokaci ke nan. Ka yafe mu. Amma ciyawan nan ba na kowa ba ne? Wa ya hana ka? Kaɗa shi nan, ni zan ji."

Yawancin mutanenmu sun tafi neman wurin la'asar. Daga shi sai Bilkisu da Nura. Babu makirfon, can dandamali wasu suna ta nasu. Na rufe ido na fara, a hankali, yadda Malam ya koya mini. Ina tsakiyar gaɓar farko na ji wata murya tana bin tawa a baya, tana tuntuɓe tana tashi. Na ɗauka kunnena ne. Na buɗe ido, sai ga wata mata, za ta yi shekara hamsin, da ɗan jan akodiyon mai maɓallai zalla, ta karkata kai tana lalube.

Na kai ƙarshe. Ta ɗaga yatsa ɗaya, wato in sake. Na sake.

Sunanta Marisol, 'yar Dominika, direbar bas ce, a Soundview take zaune. Bakina ya kasa sunan, na mayar da ita Mariya, ta ce ta karɓa. Ta tambaya wa ya haɗa kiɗan, Bilkisu ta ba ta labarin Malam Bashari. Ta ce ƙarfe biyu take tashi daga aiki, kwana nawa ya rage mini? Na ce uku. Ta ce gaɓa uku, kwana uku, me ake jira?

Lahadi zuwa Talata: Soundview

Daga Tremont bas ɗaya ne, minti arba'in. Wani lambu ne a bakin ruwa, jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa, sai mu dakata su wuce mu ci gaba. Kullum uku zuwa shida, Nura yana gefe, mijin Mariya yana kawo mana shinkafa da wake da soyayyar ayaba, yana rantse mini da hannu a ƙirji babu alade.

Yadda aka koya mini na koya mata: ba takarda, in kaɗa ta maimaita. Malam da tef ɗin awo yake tsula mini a hannu in na kuskure, ni gyaran murya kawai nake yi. Kunnen matar nan abin tsoro ne. Abin da na yi wata uku ina fama da shi, kafin la'asar ta haɗiye shi. Ranar farko na koma gida ina waƙa a cikin bas, Nura yana sunkuyar da kai.

Matsala ɗaya ce, gudu. Da zarar ta riƙe gaɓa sai ta sake ta kamar an kunce akuya.

"Mariya, a hankali! Mai tafiyar ƙasa ne, ba bas ba!"

"Maestro," ta ce, haka take kirana, wato malam, "ba ka ce gida zai koma ba? Wa yake jan ƙafa in zai koma gida?"

Na ce ni dai haka na karɓa, haka zan bayar. Ta yi mini sau ɗaya a hankali don ta faranta mini, fuskarta kamar mai shan maɗaci. Ranar Talata ta haɗa gaɓa uku cif, ba ta zubar da ko ɗaya ba, amma kiɗan minti bakwai ta gama shi a huɗu da rabi. Nura ya ɗauka a wayata. Muka yi sallama, ta ce duk inda za ta yi wasa sai ta kaɗa shi ta faɗi sunan Malam. Na yi godiya, amma raina a rabe. Ban sani ba ko na ba da amana ne, ko na lalata ta.

Laraba zuwa Juma'a: komawa gida

Laraba da yamma muka tashi, Alhamis da la'asar ina Abuja, na kwana a gidan wani ƙanena a Kubwa. Juma'a shida na safe Ɗanladi ya zo, wannan karon da kansa ya ɗaura wa akwatin bel. Ɗaya saura muna Fagge.

Bayan an sauko daga masallaci, kafin in karɓi 'yan sannu da zuwa, na wuce gidan Hajiya Asabe. Ita ce 'yar Malam Bashari da ta rage, a Sudan aka haife ta, ta haura tamanin, ido ya tafi amma kunne garau. Na durƙusa na gaya mata komai, har goron, har jan katin. Ta yi dariya har da tari.

"Garba, har yanzu ba ka yi hankali ba. To, sa mini matar in ji."

"Yaya, sai dai ki yi haƙuri. Na yi iya yina, ta ƙi rage gudu."

Na kunna. Ta kara wayar a kunne. Gaɓar farko ba ta ƙare ba na ga ƙafarta tana buga tabarma. A ta biyu ta fara kaɗa kafaɗa. Da ya ƙare hawaye na bin kumatunta.

"Wa ya koya mata haka?"

"Na ce miki ba laifina..."

"Rage me za ta yi? Haka Baba yake kaɗa shi a Sudan, muna yara muna rawa a tsakar gida har mu faɗi. Kai lokacin da aka kawo ka wurinsa ya riga ya gaji, hannu yana masa ciwo. Kiɗan tsoho ka koya, Garba. Rabona da jin sa haka tun ban yi aure ba. Sake sa mini."

Na sake sa mata har sau huɗu. Ina zaune ina tunanin shekara arba'in da tara da na yi ina gadin ciwon hannun Malam, ina tsammanin kiɗan ne.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Bilkisu da Nura, da Alhaji Issaka da duk wanda ya karɓi gorona ya amsa, na yafe musu minti goman, su ma su yafe mini. Da yamma na kira Bilkisu na ce ta gaya wa Mariya kada ta rage ko kaɗan. Sannan na ɗauko akodiyon na gwada irin gudunta. Yatsuna suka ƙi tun a gaɓar farko. Na mayar da shi akwati ina dariya ni kaɗai, don yanzu akwai hannun da zai iya.